Sandar da Na Bari a Illela

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a waya: "Hajiya Luba, wai ya aka yi kika tafi Illela da sanda kika dawo babu? Wane malami kika samu?" Wata ma gefe ta ja ni, ta ce in taimaka mata da lambarsa saboda gwiwar mijinta. To babu malami, babu rubutun sha. Bari in ba ku labarin sau ɗaya, ku huta, ni ma bakina ya huta.

Waɗanda suka san ni sun san halin da bayana ya saka ni. Tukunyar gas na sunkuya zan ɗaga, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, ciwo ya bi ƙafar hagu har ɗan yatsa. Likita ya duba, ya ba ni magani, ya ce in riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, wai kwanciya ba ta gyara irin wannan. Na ce masa to, na koma gida na shimfiɗa tabarma. Ni na ga yadda gwaggona ta ƙare, rabin jiki a shanye, ana juya ta ana gyara mata shimfiɗa. Na sa wa raina cewa motsi ɗaya na kuskure ne tsakanina da wannan halin. Salla a kujera, wanka a kujera, zuwa banɗaki da sandar marigayi Baba. Atishawa ma tsoronta nake ji, in ta taso sai in riƙe bango.

Abin da ya tayar da ni daga tabarmar nan Saratu ce, 'yata ta fari, da ke aure a Illela gidan 'yan kasuwa. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ana yaye ta Innata ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, Anti take kirana kamar yadda ƙannena ke yi. Ban taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa, yanzu ma don rubutu ne kuka ga sunan. Cikinta na fari ya tsufa, ya kamata a ce tuni an ɗauko ta goyon ciki. Amma Inna ta rasu bara, ƙanwata tana Abuja, ni ina kwance. Mijin kuma ya yi arewa da kaya. Sai na kira uwar mijin, Hajiya Tumba.

"Ki bar ta nan, Hajiya," ta ce. "Dut ɗiyan gidan ga cikin ɗaki anka haihe su. Ungozomarmu ta hi likita hannu."

Na kashe wayar. Ranar da na haifi Saratu jini ya ɓalle mini, da ba a asibiti nake ba da wata ce ke ba ku labari yau. Ga shi an ce mini ƙafafun yarinyar sun kumbura. Washegari na ce wa maigida Illela za ni, in ɗauko ta ta haihu a asibiti. Ya dubi sandar, ya dube ni, ya ga ba shawara na kawo ba, ya kai ni tasha.

Na samu gefen taga, kusa da wata tsohuwa 'yar Amarawa da ta rungume ƙullin daddawa a cinya. Daga Sakkwato zuwa Kware da sauƙi. Daga nan ramuka suka fara. Duk ramin da na hango sai in dafe kujerar gaba, in ɗauke numfashi, in ƙanƙame jikina, kuma duk da haka sai ya same ni har tsakar ka. Tsohuwar nan ta gaji da kallona.

"Ɗiyata, mi kika riƙo haka awa za a ƙwace miki kujera? Saki jikinki ki bi mota. Icce busasshe shi ka karyewa."

"Iya, ba ki san ciwon ba," na ce, na kau da kai.

"Ni ko na san shi. Tare mu ka kwana, tare mu ka tashi."

A raina na ce kowa ya zama likita.

Muna wuce Gwadabawa hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo, duk motar da ta taho sai ya rage gudu ya ɗaga hannu, a amsa masa da hannu cewa hanya lafiya. Kowa ya san abin da ake tsoro, ba mai son kiran sunansa. Can sai ga babura sun ɓullo daga wata hanyar daji a jere, mahayan sun naɗe fuska da rawani. Wani mutum a bayana ya fara kalmar shahada da ƙarfi. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne in an ce a gudu ni ko taku biyu ba zan yi ba. Da suka matso sai muka ga buhunan albasa ne a bayansu, manoman Tozai ne za su kasuwa. Mai shahada ya yi tari ya ce shi dama zikiri yake yi. Aka yi dariya, irin wadda ake yi da busasshen baki.

Illela ba ta yi kama da garin da ya san barci ba. Tireloli bakin hanya har inda ido ya tsaya, masu canji suna kiran sefa, sefa, Hausar Nijar da tamu sun cakuɗe. Zauren gidan Hajiya Tumba cike yake da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, sai da na bi a karkace ina jan sanda. Ina shiga tsakar gida na ga abin da ya tsayar mini da zuciya. Saratu ce tsaye gaban turmi, ciki har ya sauko, tana kirɓa gero tana ɗan lanƙwasa ƙugu da kowace taɓarya. Ta gan ni ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, sannu da hanya." Na dubi bango na ce, "A ce wa yarinyar nan ta ajiye taɓarya."

Hajiya Tumba ta fito tana dariya, doguwa, baƙa, wayoyi biyu ɗaure a bakin zane. "Bar ta, Hajiya. Mai ciki in ta kwanta ciwo ya same ta wuri guda. Ku can birni ƙwai kuka maishe su."

Gaskiya ne, a unguwarmu mai tsohon ciki ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Na haɗiye maganata don ban zo faɗa ba. An karɓe ni da mutunci, ba zan ci amanarsu ba. Tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Aka ba ni ɗakin Hajiya da katifa mai laushi, na roƙi tabarma. Inda muka ɓata da gidan nan shi ne banɗaki, don na tsuguno ne. Na shiga da sanda da addu'a. Fitowa ce ta gagara, sai da na kira, Hajiya da kanta ta miƙo hannu ta ƙofa ta ja ni tana cewa babu komai, mu duka mata ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na kawo maganar tafiya da Saratu. Hajiya ta ce to, amma ba za ta sallami matar ɗanta hannu wofi ba, sai mun haura Ƙonni, can Nijar, ta sayo zannuwa da turaren wuta, kuma dole in je in zaɓa da idona. Na gane jan ƙafa ne, amma na ga in na ƙi zan rasa duka. Da safe aka kawo shayi da dogon burodin Nijar, mai ɓawo, wanda sai ka jiƙa shi kake iya raba shi da ɗan'uwansa. Ashe ranar kasuwar Illela ce, ban sani ba.

A keke muka je iyaka. Ni da na zata zan ga katanga, sai na ga shinge da rumfuna da mutane suna kai da kawo kamar tsakanin unguwa da unguwa. Jami'an ɓangarenmu suka duba suka ce mu wuce. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya karɓi katina ya juya shi, ya yi mini Faransanci, da ya ga ban gane ba, sai ya koma Hausa fes har da tambayar mutanen Sakkwato. Hajiya kuwa kowa ta sani, har 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, tana tambayar wannan matarsa, wancan ciwon idonsa.

Muna jira aka tsayar da wasu mata masu dako, kowacce da ƙaton ƙulli bisa gammo. Abin da ya ba ni mamaki, ba wadda ta tsaya cik. Suna nan wuri ɗaya amma ƙugu yana tafiya, dama, hagu, ƙafa tana karɓar ƙafa, kamar masu lallashin goyo. Na ce wa ta kusa da ni, "Baiwar Allah, kiɗa kuke ji ne mu ba ma ji?"

Ta juyo da ido kawai, don wuya ba ya juyuwa. "Hajiya, in nit tsaya wuri guda kayan ga cina su kai. In ina motsi ni ka ɗauke da su."

Na yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Ni a lokacin na jingina da sanda, na daskare, ƙafata tana mini zugi.

Ba mu daɗe a Ƙonni ba. Wayata tun daga shinge ta mutu murus, babu layi. Muna cikin taya wata atamfa sai ɗaya daga cikin wayoyin Hajiya ta yi ƙara. Na ga fuskarta ta canza. Ta ajiye atamfar ta ce, "Faya ta hwashe."

Ban san yadda muka baro shagon ba. A iyaka motoci sun cushe, keke ba ya gaba ba ya baya. Hajiya ta tare kabu-kabu biyu. Ni da rabona da babur tun ina budurwa, ni da nake tsoron atishawa, na ɗaga ƙafa na hau, na rungume sanda, na rufe ido. Duk tsawon hanyar abu biyu nake gani, gwaggona a shimfiɗe, da jinin da na kwanta a ciki ranar haihuwar Saratu. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Mun tarar da ita tana zagaya tsakar gida, hannu ɗaya a bango. Ba ta ce uffan ba. Kun san haihuwar fari, in ka yi kuka har jikokinka sai an ba su labari. Gumi kawai ke zuba, leɓenta ya fashe don cizo. In abin ya taso sai ta dafa turmi ta riƙa juya ƙugu a hankali har ya lafa, ta ci gaba da tafiya. An riga an aika a kira ungozoma. Na dubi fuskarta na ga ta kumbura fiye da jiya. Na dubi bayan zanenta na ga jini, ba mai yawa ba, amma ja ne.

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa suruka murya ba sai ranar. "Hajiya, wallahi yarinyar nan ba za ta haihu a ɗaki ba. Ni na san jinin nan, nawa ne. Ko ki raka mu ko ki ba mu hanya."

Hajiya Tumba ta dubi zanen, ta dube ni. Ba ta yi gardama ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Mu tahi."

Sai dai da me? Motar maƙwabci tana kasuwa. Bakin lungun kuma tirelar shanu ta toshe shi, ana lodi, bayanta garke ne ya cika titi har kwana. Ba keken da zai shigo, kuma ba mai ɗora mai naƙuda a babur. Asibitin ba nisa can ba ne ga mai lafiya. Na ce a nemo abin da za a kwantar da ita a ɗauka. A nan Saratu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, kar a kwantar da ni. In na kwanta ba zan iya ba."

Muka fita da ƙafa. A bakin titi shanu suka tare mu, manya masu ƙaho, ga masu kora suna ihu. Hajiya ta waiwayo, ba ta ko tambaye ni ba, ta fizge sandar daga hannuna ta shige gaba tana bugun ƙasa tana faɗin, "Ku kauce, mai naƙuda ta! Kai, ja bajimin ga!" Ta bar ni tsaye hannu wofi a tsakiyar titi, ba bango, ba kujera. Kafin in buɗe baki naƙuda ta taso wa Saratu, ta juyo ta saƙalo hannuwanta biyu a wuyana, ta sakar mini nauyinta duka.

Na yi abin da na saba, na ƙanƙame. Ciwo ya tsarga daga ƙugu zuwa diddige, idona ya yi duhu. Na ce shi ke nan, yau zan shanye a titin Illela, in faɗi da ita, shanu su bi ta kanmu. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Amma ita ba ta tsaya ba, tana rataye a wuyana tana juya ƙugu, dama, hagu, kuma da yake ta riƙe ni gam, ko dai in bi ta ko mu zube. Sai na bi ta. Na saki gwiwa kaɗan, na bar ƙafa ta karɓi ƙafa, yadda na ga matan iyaka suna yi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon ya tafi ba. Yana nan. Amma ya daina zama wuƙa a wuri ɗaya, ya bazu, ya zama abin da zan iya numfashi a cikinsa. Na jira ƙas ɗin da na daɗe ina jira, bai zo ba. Da ta lafa mata muka taka, hannunta a kafaɗata, nawa a bayanta. Ta sake tasowa, muka sake tsayawa muna lilo a gaban masu sayar da igiya da mahauta, ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya cire hularsa yana kore mana ƙuda da addu'a. Haka muka yi ta yi, tafiya, lilo, tafiya. Na lura in mun ɗan tsaya cik don saniya ta gifta, daga ni har ita sai ciwon ya fi cizo, har na fara cewa, "Taka, kar ki tsaya."

Dab da ƙofar asibiti wata babba ta zo mata. Na ji tana zamewa daga jikina, idonta ya fara juyewa. Ta ce, "Anti, mutuwa za ni." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Saratu! Saratu, dube ni. Ba inda za ki. Riƙe ni, mu je."

Ta buɗe ido ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Sannan ta gyara riƙo, muka shiga.

Malamar asibiti ta auna ta, ta ɗaure fuska, ta ce jininta ya hau, gara da muka zo. Aka shige da ita. Kafin la'asar ta haifi mace. Muna cikin hamdala sai na ga ana gudu da robar ƙarin ruwa da allurai, aka rufe ƙofa. Jinin ne ya ɓalle, irin nawa. Ban iya zama ba, na yi ta kai da kawo a barandar nan ina karanto duk abin da na haddace. Hajiya Tumba tana zaune a ƙasa, sandata a cinyarta, wayoyinta suna ta ƙara ba ta ɗauka. Da malamar ta fito ta ce ya tsaya, Hajiya ta ce, "Da a ɗaki ta haihu..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba. Na kama hannunta na tayar da ita, ni da aka jawo daga banɗaki jiya.

Sai a sannan na zauna a benci, kuma a nan bayan ya karɓi bashinsa. Tashi ya gagara, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Kwanan da na yi bayan nan ban ji daɗinsa ba. Amma da gari ya waye, maimakon in nemi tabarma, sai na dafa bango na zagaya tsakar gidan Hajiya a hankali, har ya sake ni.

To masu neman lambar malami, kun ji. Ban warke ba. Har yau in na daɗe a kujerar ofis sai ya tuna mini yana nan, in tashi in zagaya, abokan aiki suna cewa Hajiya ta fara sintiri. Kullum da safe ina taka unguwa. Na koma wurin likita na ba shi labari, ya ce ai abin da ya faɗa mini ke nan tun farko, na ce naka bai zo da shanu ba. Wanda nasa ciwon ya bambanta da nawa ya je a duba shi, kar ya ce ni na aike shi. Sandar Baba kuwa tana can, Hajiya ta ce ta fi kowace sanda korar awaki daga buhunan shinkafa, na bar mata.

Bayan suna na taho da Saratu Sakkwato wankan jego. A mota, muna wuce Gwadabawa, hira ta fara dawowa, jaririya tana barci a cinyata. Saratu ta matso kusa da kunnena.

"Anti, ashe kin san sunana."

Na dubi taga na ce, "A ce wa yarinyar nan ta yi wa mutane shiru."

Ta yi dariya ta kwantar da kanta a kafaɗata. Motar cike take da mutane, kowa yana gani. Ban janye ba har muka shiga gari.